Idan Allurar Rigakafi Ta Yi Ƙaranci: Sanƙarau na 2017 da Haƙƙin Jama'a na Sanin Gaskiya

Sanƙarau cuta ce da mutanen ƙasar Hausa suka daɗe da saninta, sun kuma san lokacinta, domin takan kunno kai ne daga tsakiyar hunturu, ta yi ƙamari a cikin zafin bazara, sannan ta lafa da zarar damina ta kankama. Irin sanƙarau ɗin da ke zama annoba wata ƙwayar cuta ce ta bakteriya ke haddasa shi, wadda takan zauna a hanci da maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta cutar da su ba, amma idan busasshiyar iska da ƙura suka raunana fatar cikin hanci sai ta sami hanyar shiga jini, ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ta kumbura shi, daga nan kuma sai zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, wadda daga gare ta cutar ta samo sunanta. Yankin da annobar ta fi addaba ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, ya ratsa ƙasashe 26, kuma arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna tsakiyarsa.

A watan Disamba na 2016 cutar ta ɓulla a ƙaramar hukumar Zurmi ta jihar Zamfara, amma sai a watan Fabrairu na 2017 rahotonta ya isa hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, a Abuja. Kafin a ayyana ƙarshen annobar a watan Yuni, an ƙidaya mutum 14,518 da ake zaton sun kamu, 1,166 daga cikinsu sun rasu, mafi yawansu a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, kuma yara 'yan shekara biyar zuwa goma sha huɗu su ne cutar ta fi ɗauka. Abin da ya bambanta wannan annoba da wasu da suka gabace ta shi ne, mutane sun fito da kansu suna neman allura, allurar ce babu isasshiya, kuma wannan ya jefa hukumomin lafiya cikin wani aiki da ba su saba da shi ba, wato yi wa jama'a bayanin rashi.

Dalilin ƙarancin ba mai wuyar ganewa ba ne idan aka warware shi, sai dai an jima ba a warware shi ga talakawa da harshen da suke ji ba. Ƙwayar sanƙarau tana da nau'o'i da masana suka raɗa wa sunayen haruffa, manyansu su ne A da B da C da W da X da Y, kuma allurar da aka haɗa domin nau'i ɗaya ba ta ba da kariya daga sauran. Shekaru da yawa nau'in A ne ya fi yin ɓarna a yankin, shi ne ya haddasa babbar annobar 1996 wadda ta kama sama da mutum dubu ɗari a Najeriya kaɗai, ta kashe sama da dubu goma sha ɗaya. Domin maganinsa aka samar da allurar MenAfriVac, wadda wani kamfani na ƙasar Indiya mai suna Serum Institute ya sarrafa a kan farashin da bai kai rabin dala ba, aka fara amfani da ita a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Najeriya kuma ta bi sahu daga 2011. Allurar ta yi aiki ƙwarai, har nau'in A ya kusa ɓacewa, sai dai wani sabon reshe na nau'in C ya bayyana a Sakkwato a 2013, ya ratsa Kebbi, ya haura Nijar a 2015, kuma shi ne ya auka wa Zamfara. A wancan lokaci allurar da ke kare mutum daga C kamfanoni kaɗan ne ke yin ta, ingantacciyarta tana da tsada, kuma akasari ƙasashe masu arziki ne suke saye ta tun kafin ta fito. Abin da ake ajiye wa ƙasashe matalauta yana hannun wani kwamitin haɗin gwiwa da aka kafa a 1997 bayan waccan babbar annoba, wanda ya ƙunshi Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da tarayyar ƙungiyoyin Red Cross. Wannan kwamiti ba ya sakin allura sai ƙasa ta nuna masa shaidar gwaji daga ruwan ƙashin bayan marasa lafiya da ke tabbatar da nau'in da ke yawo, kuma tun a watan Yuli na 2015 ƙungiyoyin huɗu suka yi kira a fili ga kamfanoni da su ƙara samar da allura miliyan biyar mai ɗauke da C kafin bazara ta gaba. Ke nan ƙarancin bai zo wa masana da ba-zata ba, jama'ar Zurmi da Maradun da Bakura ne ba su da labari.

Kashin farko da ya iso Najeriya allura dubu ɗari biyar ne, aka fara yin ta a Zamfara a farkon watan Afrilu, alhali ƙiyasin jami'an lafiya ya nuna jihar ita kaɗai tana bukatar kimanin miliyan uku. Daga baya aka samo wasu sama da dubu ɗari takwas daga Birtaniya aka nufi Sakkwato da su. Duk wanda ya kwatanta waɗannan alƙaluma zai ga cewa a cikin kowane mutum shida da suka cancanta a Zamfara, wanda zai samu a zagayen farko bai wuce ɗaya ba, kuma babu wata dabarar magana da za ta canja wannan lissafi.

A nan ne wahalar take, domin saƙon da ma'aikatan lafiya suka shafe shekaru suna isarwa a gidajen rediyo da ƙofar fadar hakimai shi ne kowa ya fito da 'ya'yansa, rigakafi ya fi magani, allura kyauta ce. Idan aka wayi gari ana cewa wasu su fito wasu su dakata, wanda bai san dalili ba yana da hujjar ya yi zargin ko an fifita wasu ne saboda siyasa ko sanayya, ko kuwa jami'ai sun karkatar da kayan zuwa kasuwa. Magidancin da ya ɗauko 'ya'yansa a kan babur daga ƙauye mai nisa, ya wuni cikin rana a layi, aka ce masa ta ƙare, ba zai manta da wannan rana ba idan masu ɗigon shan-inna suka ƙwanƙwasa masa ƙofa bayan wata biyu. Daman akwai tsohon ƙorafi da ya daɗe a bakin jama'a, cewa ɗigon shan-inna ana biyo mutum da shi har cikin ɗakinsa, amma maganin cututtukan da yake gani suna kashe masa yara sai ya saya da kuɗinsa. Ƙarancin allurar sanƙarau yana ƙarfafa wannan ƙorafi fiye da duk wata jita-jita, kuma ba a kawar da shi da musu, sai da bayanin da mutum zai iya gwada gaskiyarsa da idonsa.

Abu na farko da ya wajaba a kan hukuma shi ne ta faɗi adadi, ta kuma faɗe shi kafin a kafa layi. Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma jami'in da ya ce komai yana ƙarƙashin kulawa alhali gawarwaki na fita daga unguwa ya zubar da amincin da zai bukata gobe. A wannan fanni shugaban NCDC na lokacin, Dakta Chikwe Ihekweazu, ya yi abin da ya dace da ya fito ya ce allurar tana ƙaranci a duniya baki ɗaya, hukumarsa kuma ta riƙa fitar da rahoton halin da ake ciki a kai a kai, ɗauke da yawan masu cutar da waɗanda suka rasu jiha-jiha. Inda aka samu giɓi shi ne, yawancin wannan bayani da Turanci yake, a shafukan intanet da tarukan manema labarai na Abuja, kuma kafin ya sauka zuwa ƙauyen da ake binne yara ya riga ya koma jumla guda, cewa gwamnati ta kawo allura. Wannan jumla gaskiya ce, amma gaskiyar da aka yanke wa rabi tana iya tara dubban mutane a inda aka tanadi allurar ɗaruruwa. Faɗin adadi yana tafiya tare da kiyaye alkawari, don haka jami'i ba ya faɗin ranar isowar kaya sai ya tabbatar, idan kuma bai tabbatar ba ya fi masa ya sanya ranar da zai dawo da sabon bayani, ya kuma dawo a ranar ko da babu wani abu sabo.

Na biyu, wanda ya fi kowanne bukatar haƙuri, shi ne bayyana waɗanda za a fara yi wa da kuma dalili. A lokacin annobar sanƙarau ba a raba allura daidai-wa-daida tsakanin ƙananan hukumomi, ana bin ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya ne, wadda ta ce idan aka samu mutum uku masu alamun cutar a cikin kowane dubu ɗari a mako guda to a zauna cikin shiri, idan suka kai goma to annoba ta tabbata a wannan yanki, kuma can za a kai allura. A Zamfara an taƙaita ta ga 'yan shekara biyu zuwa ashirin da tara, saboda su cutar ta fi kamawa, kuma saboda tsohon samfurin allurar da aka samu ba ya tasiri sosai a jikin yaron da bai kai shekara biyu ba. Waɗannan dalilai ne da kowane dagaci zai iya fahimta ya kuma maimaita wa talakawansa, kamar yadda kowa ya san cewa idan gobara ta tashi a unguwa ana fara watsa ruwa ne inda wuta ke ci da gidajen da ke maƙwabtaka da shi. Uwar da aka mayar mata da jaririnta ba tare da bayani ba za ta ɗauka an raina ta ne, wadda kuwa aka gaya mata cewa wannan samfuri ba zai amfane shi ba, aka kuma nuna mata alamun da za ta lura da su, ta koma gida da wani abu a hannu. Ƙa'idar kuma ba ta da daraja sai an ga ta hau kan kowa, domin idan aka ga an kai kwalin allura gidan wani babba da ke wajen yankin annoba, duk bayanin da aka yi a rediyo ya rushe a yini ɗaya.

Annobar 2017 ta kuma nuna abin da ke faruwa idan bakunan gwamnati suka rabu. A farkon watan Afrilu gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya shaida wa manema labarai a Abuja cewa annobar sakamakon saɓon Allah ne da ya yi yawa a cikin al'umma, maganar da ta mamaye kafafen yaɗa labarai na kwanaki, har Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya mayar masa da martani a wani taron zuba jari a Kaduna, inda ya nuna cewa idan babu allura a fito a faɗa, a kuma tashi a nemo ta. Babu Musulmin da ke musun cewa cuta da lafiya suna hannun Allah, amma malamai sun daɗe suna karantar da cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi, suna kafa hujja da yadda Halifa Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka a can. Illar maganar gwamnan ita ce ta zo a makon da ake fara allura, lokacin da ake bukatar kowane minti na rediyo domin gaya wa mutane inda za su je da wanda za su kai, sai muhawara ta koma kan zunubi, iyayen da suka rasa 'ya'ya kuma aka ƙara musu nauyin zargi a kan na rashi. Saboda irin wannan ne masana ke ba da shawarar a tsayar da mai magana guda da kowa ya sani, a kuma ba gwamnoni da kwamishinoni da sarakuna takarda ɗaya mai ɗauke da alƙaluma iri ɗaya kafin kowannensu ya tsaya gaban makirufo.

Duk wanda zai yi wa mutanen arewa magana a kan allura yana magana ne a kan tsohon tabo. A lokacin annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin ɗari biyu a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, yara goma sha ɗaya suka rasu, shari'a ta ɗauki shekaru kafin a sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tarihi yana cikin abubuwan da suka ba jita-jitar 2003 ƙarfi, lokacin da Kano da wasu jihohi suka dakatar da ɗigon shan-inna, Kano ba ta dawo ba sai a watan Yuli na 2004 bayan an samo allurar daga Indonesiya. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, shi ya sa idan aka kawo allura cikin gaggawa daga wata ƙasa ya kamata a faɗi inda ta fito da wanda ya tantance ta, ba tare da an jira wani ya tambaya ba. Kwamitin sarakunan arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, wanda aka kafa a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi, ya riga ya shimfiɗa hanyar da saƙo ke bi daga fada zuwa hakimi da dagaci da mai unguwa da limami, kuma wannan hanya ta fi cancanta a ba ta labarin ƙaranci tun da wuri, maimakon a tuna da ita sai ranar da ake son tara jama'a.

Nijar ta riga ta ɗanɗana wani haɗari na daban a 2015, lokacin da nau'in C ya kama kimanin mutum 8,500 ya kashe 573, har aka rufe makarantun Yamai a watan Afrilu. Da allurar gwamnati ta gaza, iyaye suka koma shagunan magani suna saye da kuɗinsu, 'yan damfara kuma suka cika giɓin da jabu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan kwalaben ƙarya masu ɗauke da sunan Mencevax. Jabun allura ya fi rashin allura muni, domin wanda aka yi wa yana ganin ya tsira, idan zazzaɓi ya kama ɗansa ba zai yi saurin zargin sanƙarau ba. Sanarwar ƙaranci da ba ta haɗa da gargaɗi a kan jabu ba, da sunayen wuraren da aka amince a karɓi allura, da tabbacin cewa ta gwamnati kyauta ce, ta bar ƙofa a buɗe.

Akwai kuma saƙon da ya fi allurar kanta gaggawa, wanda hayaniyar ƙaranci takan danne, shi ne cewa sanƙarau yana warkewa idan aka kai mara lafiya asibiti da wuri. Maganin da ake amfani da shi lokacin annoba, ceftriaxone, allura ce ta kashe bakteriya da ake yi na kwana biyar, kuma cutar tana iya kisa cikin yini ɗaya ko biyu, ta kuma bar wasu da kurumta ko raunin ƙwaƙwalwa, don haka sa'o'in da ake ɓatawa a gida ana shafe-shafe da turare su ne mafi tsada. Iyalin da ba su samu rigakafi ba suna bukatar su ji cewa zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai da ƙin haske, ko kumburin maɗiga a jariri, dalili ne na tafiya asibiti nan take ba sai wuya ya sanƙare ba, su kuma ji shawarar rage cunkoso a ɗakin kwana da buɗe tagogi. Mutumin da aka ba abin yi yana da sauƙin haƙuri fiye da wanda aka ce masa ya jira kawai.

'Yan jarida suna da nasu kaso na alhaki. Rediyo har yanzu shi ne babbar kafar da ke shiga ƙauyukan ƙasar Hausa, daga sassan Hausa na BBC da DW da RFI zuwa Rediyon Tarayya na Kaduna da tashoshin jihohi, ga kuma saƙonnin murya na WhatsApp da ke yawo ba tare da an san mafarinsu ba. Wakilin da ya kawo adadin mamata ba tare da ya faɗi tsawon lokacin da aka tara shi ba, ko ya kasa bambanta wanda ake zato da wanda gwaji ya tabbatar, yana iya sa annobar da ta fara lafawa ta yi kama da mai ƙaruwa. Tambayoyin da suka fi amfani su ne allura nawa aka karɓa, nawa aka nema, wace rana aka aika da bukatar, waɗanne mazaɓu aka zaɓa kuma bisa wane ma'auni, domin su ne ke tilasta wa jami'i ya yi magana da alƙaluma. A ɓangaren hukuma kuwa, kuskure ne a ɗauki ɗan jarida mai tambaya a matsayin abokin gaba, tun da watanni biyun da suka wuce tsakanin ɓullar cutar a Zurmi da isar rahotonta Abuja suna nuna cewa shiru ya fi tambaya yi wa jama'a ɓarna.

Matsalar ba ta tsaya ga sanƙarau ba. A watan Maris na 2021 Najeriya ta karɓi allurar korona ta AstraZeneca kusan miliyan huɗu, sai Indiya ta taƙaita fitar da allura saboda annobar da ta tsananta a cikinta, hukumar kula da lafiya a matakin farko ƙarƙashin Dakta Faisal Shu'aib ta umarci jihohi su dakatar da zagayen farko idan sun cinye rabin kasonsu, domin waɗanda suka fara su samu ta biyu. A watan Disamba na wannan shekara kuma aka lalata sama da allura miliyan ɗaya a bainar jama'a a Abuja, saboda an ba da su kyauta dab da ƙarewar wa'adinsu, kuma yin hakan a gaban kyamara ya rufe bakin masu cewa ana yi wa mutane allurar da ta lalace. Wani lokaci ƙaranci yakan tilasta a canja adadin abin da ake bayarwa, kamar yadda aka yi a Kinshasa a 2016 inda aka ba mutane kashi ɗaya cikin biyar na allurar zazzaɓin shawara, da kuma 2022 da aka koma ba da rigakafin kwalara sau ɗaya maimakon sau biyu. Irin wannan mataki yana bukatar a faɗi iyakar kariyar da zai bayar, in ba haka ba sai a ce an surka allura da ruwa.

A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, wadda ke ba da kariya daga nau'o'i biyar, wato A da C da W da X da Y, aka fara da jihohin da annoba ta taɓa a lokacin, irin su Jigawa da Bauchi da Yobe, ga 'yan shekara ɗaya zuwa ashirin da tara. Ita ma ba ta isa kowa a lokaci guda ba, kuma ma'aikatan da ke ɗauke da ita suna haɗuwa da mutanen da aka yi wa MenAfriVac sama da shekaru goma da suka wuce, waɗanda ke ganin sun riga sun gama da sanƙarau alhali nau'in A kaɗai ta kare su daga gare shi, don haka kafin a buɗe akwatin sanyi sai an sake zama da su an bayyana musu bambancin A da C daga farko.